Ɗaura gejin matsin mai a motar dizal: tambayoyi da amsoshi

Motar dizal takan fito daga kamfani da gejin zafi, da na caji, da na baƙin mai, da wanda ke nuna abin da ya rage a tanki. Wanda ba a cika samu ba shi ne gejin da zai faɗa maka ko man gas yana isa babban famfo da ƙarfin da ya kamata. Misalin da aka fi jingina da shi a waɗannan amsoshi shi ne Dodge Ram mai injin Cummins 5.9 mai bawul 24, ƙirar tsakiyar 1998 zuwa 2002, domin a kanta ne masu motoci a Amurka suka koyi darajar wannan geji, bayan sun sha asarar famfo. Inda wasu injina suka sha bamban da ita, an faɗa.

Wane matsi ne gejin yake aunawa?

Layin mai kashi biyu ne. Na farko yana tashi daga tanki, ya bi ta ƙaramin famfon da ke jawo mai, ya shiga filta, ya tsaya a bakin babban famfo, wanda makanikai ke ce wa injekta famfo. Na biyu daga babban famfo ne zuwa nozul. Gejin nan na kashin farko ne kaɗai, inda matsin yake tsakanin psi 10 da psi 70, gwargwadon injin (psi ma'aunin matsi ne). Idan gejinka da bar yake rubutu, bar 1 daidai yake da psi 14.5.

Kashi na biyu ba wurin wasa ba ne. Cummins 5.9 na 2003 zuwa sama, mai tsarin komon rel, wato bututu ɗaya da ke raba wa dukkan nozul mai, yana kai bar 1,600, kusan psi 23,000. Man da ya tsirto daga irin wannan bututu yana huda fata ya shige cikin tsoka. Ba a huda shi, ba a sassauta notinsa injin na aiki, ba a kuma laluben yoyonsa da hannu. Mai son ganin wannan matsi sai ya jona sikana, na'urar gwajin mota, a ramin OBD, soket ɗin da aka tanada don ita, domin kwamfutar motar tana karanta shi da kanta.

Motata tana tashi lafiya, tana ja lafiya. Me zan yi da geji?

Nan ne tarkon yake. Babban famfon Dodge ɗin 1998 zuwa 2002, Bosch VP44, ba baƙin mai ke shafa shi ba. Man gas ɗin da ke ratsa shi ne ke yi masa shafi, shi ne kuma ke sanyaya shi, har da ƙaramar kwamfutar da ke ɗaure a kansa. Mafi yawan man da ƙaramin famfo ke turo masa ba ya ƙonewa, tanki yake komawa ɗauke da zafi. Bawul ɗin rara da ke bakin fita yana buɗewa ne a wajajen psi 14.

To idan ƙaramin famfo ya fara mutuwa, motar ba ta tsayawa. VP44 yana da ɗan famfonsa na ciki, sai ya ci gaba da tsotso man da kansa ta cikin mataccen famfo da filta. Direba ba ya jin komai, yana ta lodi da sauke lodi. Amma sanyayawa ta ragu, fatar roba da ke ciki tana shan duka, ƙarfe yana gugar ƙarfe. Ranar da alama za ta bayyana, wato wahalar tashi idan injin ya yi zafi, ko a taka totur mota ta ƙi amsawa, ko sikana ta fitar da lambar P0216, aikin gama ya riga ya gama. Kuɗin babban famfo ya ninka na ƙarami sau da yawa, geji kuwa bai kai ko kusa da kuɗin babban ba.

Kowace motar dizal ce za a ɗaura mata irin wannan gejin?

A'a, kuma nan mutane da dama suke ɓarnar kuɗi. Sai motar da ke da famfon da ke tura mai kafin babban famfo. Toyota Hilux mai injin 1KD ko 2KD, da Land Cruiser mai 1HZ, babban famfonsu ne ke tsotso mai tun daga tanki. Haka Duramax na Chevrolet da GMC kafin 2017. A layin waɗannan babu turi, tsotso ne, saboda haka gejin matsi zai zauna a kan sifili har ka ɗauka ya lalace. Abin da ya dace da su shi ne gejin tsotso, ko mai fuska biyu, wanda hannunsa ke iya komawa bayan sifili. Idan filta ta toshe, tsotson ƙaruwa yake yi.

Ko VP44 ɗin ma ba ko'ina yake da ƙaramin famfo ba. Yana cikin Nissan Patrol mai injin ZD30, amma a can da kansa yake jawo mai. Kafin ka sayi komai, bi tiyon mai da ido daga tanki har injin, ka tabbatar akwai famfo a tsakani, ko a cikin tankin.

Mai lamba nawa zan saya?

Wanda matsin motarka na yau da kullum zai faɗa a tsakiyar fuskarsa. Ga VP44, mai 0 zuwa 30. Ga tsohon Cummins mai bawul 12 da babban famfon P7100, ƙirar 1994 zuwa 1998, wanda ke ba da psi 17 zuwa 22 a silo, wato injin na aiki ba a taka totur ba, ya kuma haura 25 idan an taka, mai 0 zuwa 60. Ford Power Stroke 7.3 na 1999 zuwa 2003 da 6.0 suna aiki ne a wajajen psi 50 zuwa 65, sai mai 0 zuwa 100. Kada ka sa mai 100 a motar da ke aiki da 14. Bambancin psi 10 da psi 6, wanda shi ne duk dalilin ɗaura gejin, ba zai wuce faɗin hannun gejin ba.

Faɗin fuska da aka fi samu milimita 52 ne, kuma mazaunin da ake sayarwa yawanci nasa ne.

Na lantarki ko na tiyo?

Na tiyo, man ne da kansa yake zuwa bayan gejin ya tura hannunsa. Ba ya ƙarya, ba ruwansa da waya in ban da ta fitila, kuma ya fi araha. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: ka shigo da man gas cikin mota. Ranar da tiyon ya tsage, famfo zai yi ta watsa mai a bayan dashbod da ƙafafun direba har sai an kashe injin. Ko gobara ba ta tashi ba, warin ba zai bar kafet da kujeru ba.

Maganin wannan shi ne aisoleta, wani ɗan gwangwani mai fatar roba a tsakiya. Mai yana tura fatar ta gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma an cika shi da ruwan kulan, shi ne ke tafiya cikin mota. Dabarar tana aiki, sai dai tana da fitina. In aka bar iska a gefen ruwan, gejin zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya. In kuma fatar ta huje, ka koma gidan jiya ba tare da ka sani ba.

Na lantarki kuwa sensa ce ke zaune a wajen injin, waya kawai ke shigowa. Don motar da ake hawa kullum, shi muka fi so, musamman mai sensa mai waya uku, wadda ke karɓar bolt 5 ta mayar da 0.5 zuwa 4.5 gwargwadon matsi. Ta fi mai waya ɗaya daidaito. Na tiyo a ajiye shi a akwatin kayan aiki, don gwada gaskiyar na lantarkin.

A ina ake jona shi?

Bayan filta, kafin babban famfo. Abin da kake son sani shi ne matsin da babban famfo yake samu, ba wanda ƙarami yake fitarwa ba. In ka jona kafin filta, ranar da ta toshe gejin zai nuna maka lamba mai kyau, har ma ta ɗan ƙaru, alhali babban famfo yana can da ƙishi.

A Dodge ƙirar 1998 da 1999 akwai ramuka biyu masu tiredin 1/8 NPT, tiredin bututu irin na Amurka, a saman gidan filta, an toshe su da ƴan notina. Ɗaya na shiga ne, ɗaya na fita. Bi bututun da ya nufi babban famfo ka gane na fita. A ƙirar 2000 zuwa 2002 babu waɗannan ramuka. Akwai bawul irin na tayar mota a bakin VP44, wanda aka yi don gwajin gareji, amma hanyar da ta fi ƙarko ita ce a canza notin banjo da ke mafitar filta da wani mai rami a ka. Notin banjo shi ne mai huda a jiki, wanda mai ke bi ta cikinsa. Tiredinsa a nan M12 x 1.5 ne.

Tsakanin mafitar filta da bakin famfon, zaɓi mafitar filta. Matsin ɗaya ne, amma bugun da famfon ke mayarwa baya ya fi tsanani a bakinsa.

Wane bugu kuma?

Duk lokacin da bawul ɗin cikin babban famfo ya rufe, man da ke tafe yana cin karo ya dawo baya, kamar yadda bututun ruwa ke bugawa in an rufe famfo da sauri. Wannan yana faruwa sau dubbai a minti ɗaya. A injin da ƙaramin famfonsa na fistin ne, irin Cummins mai P7100 da yawancin manyan motoci masu babban famfo irin nasa, bugun ya fi haka ma. Gejin tiyo sai hannunsa ya yi ta karkarwa yana ƙara kamar ƙudan zuma, haƙoran cikinsa su cinye. Sensa kuma takan mutu cikin ƴan watanni, a yi ta zagin kamfanin da ya yi ta.

Abu biyu ke maganinsa. Sinoba wani ɗan ƙarfe ne mai ƙanƙanin rami ko matsattsen soso na ƙarfe a ciki, ana ɗaura shi kafin sensa, ba ya buƙatar saiti. Sai bawul mai allura, wanda kai ne za ka daidaita shi da hannu. Bawul ɗin ya fi amfani ta wata fuska: idan tiyo ya fara yoyo a kan hanya, kulle shi kawai za ka yi ka ci gaba da tafiya.

Me da me zan tanada?

Geji da sensarsa da wayoyinta, notin banjo mai ramin 1/8 NPT, sababbin washa guda biyu, sinoba ko bawul mai allura, tiyo mai jure man gas, tsawon santimita 30 zuwa 45, man liƙe tiredi mai jure mai, fis na amfiya 2 ko 3 da gidansa, zoben roba na ramin waya, maɗaurin waya na roba, mazaunin geji. Na aiki kuma: sifana 17, ƙananan sifanu, sifanar auna ɗauri, mita ta gwada wuta, tsumma, da roba ta tare man da zai zuba.

Tiyon bindigar girisi ya dace da wannan aiki ƙwarai. Yana jure matsi da ya ninka wanda ake bukata, bakinsa biyu kuma tiredin 1/8 ne. A sayi sabo fil, wanda girisi bai taɓa shiga ba. Amma a lura: 1/8 iri biyu ne. NPT na Amurka yana da haƙori 27 a inci, BSPT na Ingila yana da 28. Da ido ba ka raba su. Suna shiga juna zagaye biyu ko uku, su cije, su yi ta ɗiga komai ɗaurin da aka yi musu. In za ka Ƙofar Ruwa ko Fanteka neman kayan haɗi, tafi da sensar a aljihu, ka murɗa da hannu a gaban mai shago.

Ba zan iya huda tsohon notin da kaina ba?

Za ka iya, in kansa yana da kauri. A cire shi daga mota, a kama a bais, a huda tsakiyar kan da bakin diril na milimita 8.6 har ya haɗu da ramin ciki, sannan a yanka tiredi da taf ɗin 1/8 NPT. Taf ɗin mai tsini ne, kada a tura shi har ƙarshe, in ba haka ba ramin zai yi faɗi. Bayan nan a wanke da man gas, a hura da iska, a sake wankewa. Ka tuna wannan noti yana bayan filta ne. Ɓarɓashin ƙarfe ɗaya da ya maƙale a ciki, babu abin da zai tare shi sai cikin famfo.

Yaya aikin yake, daga farko zuwa ƙarshe?

A bar injin ya huce, a cire wayar nagatif ta batir. Dodge batir biyu gare ta, duka biyun za a cire. Kafin a taɓa sifana, a wanke kewayen notin tas, a busar. Ƙurar da ta taru a kan gidan filta ta fi komai haɗari a wannan aiki, ballantana a lokacin hunturu. In iska na kaɗawa, a shiga rumfa.

A ajiye roba a ƙasa, a kwance tsohon notin. Washa biyu ne, ɗaya a kowane gefen zoben bututu. Sau da yawa ɗaya takan manne a jikin gidan filta ba a gani ba, a ɗora sabuwa a kanta, yoyo ya biyo baya. Lalubo ta da farce. A sa sabon notin da sababbin washa, a murɗa da hannu har ya zauna, sannan a ɗaure zuwa Nm 24 da sifanar auna ɗauri. Gidan filtar alminiyam ne, ba ya son ƙarfin tuwo.

A shafa man liƙe tiredi kaɗan a bawul ko sinoba, a bar haƙora biyu na gaba babu komai. A murɗa da hannu, a ƙara zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu da sifana, ana riƙe da notin banjo da wata sifanar don kada ya ƙara ɗauruwa. Daga nan tiyo, a ƙarshensa sensa. Sensar a ɗaure ta a jikin bodi, ba a jikin injin ba, domin girgizar injin dizal kaɗai ta isa kashe ta. A bar wa tiyon ɗan lanƙwasa, saboda injin yana motsi a kan kujerunsa, bodi kuwa ba ya yi. A wannan gefen ne sandar sitiyari take wucewa, a tabbatar tiyo da waya ba sa gogar ta. A murɗa sitiyarin ƙarshe zuwa ƙarshe a duba.

Sai a shigar da waya cikin mota ta ramin da ke da zoben roba a bangon da ya raba injin da direba. In sabon rami za a huda, a leƙa bayansa tukuna, kuma a sa masa zobe. Waya a kan tsiraicin ƙarfe wata shida ba ta yi.

Me ya sa ba a ambaci farin tef ɗin masu gyaran famfon ruwa ba?

Da gangan ne. Idan ana ɗaurewa yakan yage, zarensa ya bi mai ya toshe ramin sinoba ko ya wuce famfo. Sensa mai waya ɗaya kuma ta jikin tiredinta take samun as, wato hanyar komawar wuta ta jikin mota, tef yana yanke wannan. Haka ma idan ka ɗora irin wannan sensa a ƙarshen tiyon roba, dole ka ɗaura mata wayar as a jiki da kilif.

Wayoyin fa?

Yawanci huɗu ne a bayan geji, amma launinsu ya danganta da kamfani, saboda haka takardar cikin kwali ce alƙali. Ta wuta tana zuwa layin da ke kawowa in an murɗa makulli, ya kuma ci gaba da kawowa lokacin da ake tada injin, ta bi ta fis. A nemo shi da mita a akwatin fis. Kada a jona ta kai tsaye da batir, gejin zai kwana a kunne. Ta as a ɗaure ta a noti mai tsabta a jikin bodi, a kankare fenti. Ta fitila tana zuwa layin ƙananan fitilu, don gejin ya rage haske da dare. Ta huɗu ita ce ta sensa, a nisanta ta da wayar altaneta da ta sitata.

A haɗa waya da kilif ko dalma, a rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi. Murɗawa da hannu a naɗe da baƙin tef, kamar yadda wasu masu wayarin ke yi don sauri, ita ce uwar rabin matsalolin da ake ɗora wa geji.

Tirela ce da ni, wutarta 24. Gejin da na samu na 12 ne.

Ko ka nemi na 24, ko ka sa masa ƴar na'urar da ke sauke wuta daga 24 zuwa 12. Kada a ɗebo 12 daga tsakanin batir biyun. Ɗaya zai riƙa zuƙewa fiye da ɗan'uwansa, caji ya daina daidaita, su mutu da wuri. A motar da kanta ke kifawa gaba kuma, wayar ta bi ta wajen maƙalar kan, inda sauran wayoyi suka bi, da isasshen sako-sako. A kifa kan a gani kafin a ɗaure. Matsin da ya dace da injin DAF, MAN, Mack ko Howo yana cikin littafin gyaran wannan injin, kada a ɗauki lambar Dodge a yi musu hukunci da ita.

Na gama ɗaurawa. Sai in tada?

Tukuna. Mayar da batir. A wannan Dodge ɗin, in ka murɗa makulli kawai, ƙaramin famfo daƙiƙa biyu yake yi ya tsaya. Amma in ka ɗan taɓa sitata ka saki ba tare da injin ya kama ba, ka bar makullin a kunne, zai yi aiki wajen daƙiƙa 25. Yi amfani da wannan. Sassauta sensar kaɗan, taɓa sitata, jira man ya fito ba kumfa, ka ɗaure. Maimaita sau biyu ko uku, kana bin kowace mahaɗa da busasshiyar takarda. Ido yana rasa ɗigon da takarda ke nunawa.

Sannan ka kulle bawul mai allura gaba ɗaya, ka tada injin, ka riƙa buɗewa a hankali har hannun geji ya fara hawa kamar mai jin kasala. Nan za ka tsaya, galibi bai kai kwatan zagaye ba. In ka kashe injin, hannun ya ɗauki ƴan daƙiƙu yana sauka. In faɗuwa ya yi nan take, ka buɗe da yawa. A manyan motoci masu famfon hannu, da shi ake cire iskar. Bayan tafiyar farko a sake duba yoyo, injin yana da zafi.

Wace lamba ce mai kyau?

Ga VP44, lafiyayyen famfo da sabuwar filta suna ba da psi 12 zuwa 15 a silo. Ƙasa da 10 a silo, famfon ya gaza. Amma lambar silo ita ce mafi ƙarancin amfani a cikin duk abin da gejin zai nuna maka, domin a lokacin injin kurɓa kawai yake yi. Famfon da ya kusa mutuwa ma yana iya nuna 12 a tsaye. Gwajin gaskiya shi ne da lodi, a kan hawa, totur a ƙasa, na tsawon daƙiƙa 15 zuwa 20. In hannun ya sauka ya tsaya a wajajen 10, lafiya. In ya taɓa 5, ɗaga ƙafa, ka nemi dalili a ranar. Taka totur mota na tsaye a gareji ba ya maye gurbin wannan.

Wuce gona da iri ma ba alheri ba ne. Masu sa manyan famfuna irin FASS ko AirDog sukan tsaya tsakanin 14 da 20. Matsi mai yawa lokacin tadawa yana sa VP44 wahalar kamawa. A Ford 6.0 layin da ba a so a tsallaka shi ne psi 45, ƙasa da haka nozul ke shan wahala.

Ranar da ka sa sabuwar filta, rubuta lamba uku: silo, tafiyar titi, da hawa da lodi. Manna takardar a cikin akwatin dashbod. Da su za ka riƙa gwada kowace lamba ta gaba.

Matsi ya sauka. Famfo ne ko filta?

Yadda ya sauka ne zai gaya maka. In a hankali yake raguwa, mako bayan mako, lambar lodi ta riga ta silo faɗuwa, filta ce. In cikin yini ɗaya ya faɗi bayan an sha mai a bakin hanya ko daga jarka, filtar ce ma, datti ko ruwa ta kwasa. Buɗe magudanar da ke ƙasan gidan filta, tari man a kwalba mai haske, ruwa zai kwanta a ƙasa. Baƙin yauƙi a jikin filta kuwa ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa a inda ruwa da mai suka haɗu, sai an wanke tanki. A ƙa'idar Dodge, in bambancin matsi kafin filta da bayanta ya wuce psi 5, a canza ta.

In ka sa sabuwar filta lamba ba ta dawo ba, kada ka yi saurin yanke wa famfo hukunci. Auna wutar da ke isa gare shi yana aiki, domin famfon lantarki yana raguwa da raguwar wuta, kuma tsatsa a soket kaɗai tana cin bolt ɗaya ko biyu. Duba tiyon da ya lotse ko ya kumbura ta ciki, da ragar da ke bakin bututun cikin tanki. In matsin yana raguwa ne bayan doguwar tafiya, ka buɗe murfin tanki ka ji ya ja iska, lamba kuma ta dawo, hancin numfashin tankin ne ya toshe. In hannun yana faɗuwa yana tashi ba tsari, musamman a kwana ko in mai ya yi ƙasa da kwata, iska ke shiga ta gefen tsotso. Wannan gefen ba ya ɗiga, shi ya sa yake wahalar ganowa. Sa guntun tiyo mai haske kafin filta ka ga kumfa.

Ta yaya zan san gejin ne ke ƙarya?

In lamba tana canzawa idan ka kunna fitila ko fanka, as ɗin ne ba kyau. In hannun ya maƙale a sifili ko ya tafi ƙarshe ya tsaya, waya ta tsinke, ko ta taɓa bodi, ko sensa ta mutu. In yana hawa da ƙyar, ba ya kuma amsa totur, bawul ya matse da yawa ko sinoba ta toshe. Ko wanne ne, jona gejin tiyo a wuri guda ka kwatanta kafin ka sayi famfo. Bambancin psi 1 ba abin damuwa ba ne.

Direba ne ke jan motar, ba ni ba. Zai duba kuwa?

Makon farko zai duba. Bayan nan gejin ya zama adon dashbod. Saboda haka a ƙara mahaɗa mai baki uku bayan sinoba, a ɗaura makunnin matsi wanda ke rufewa in lamba ta sauka ƙasa da wadda aka saita, a haɗa shi da jar fitila mai haske a saitin idon direba, ko da ƴar ƙararrawa. Wasu gejojin lantarki suna zuwa da wannan a ciki, saiti kawai za a yi. Ga VP44 a saita tsakanin psi 5 da 7. Fitilar za ta kama duk lokacin da aka murɗa makulli kafin famfo ya cika layi, ta mutu bayan injin ya tashi. Ranar da ba ta kama ba da safe, a duba ƙwan da wayarsa kafin a fita.